Ranar da Ɗela Ta Faɗi Sunan Illo

Garin Jatau ba wani gari ba ne a lokacin, sunan ne ma ya yi masa yawa. Ƴan gidaje ne na zana da rumbuna a gabas da Yekuwa, rijiya ɗaya, sai garken shanu a bayan kowane gida. Amma kai, wanda bai sha furar garin nan ba a wancan zamani, kada ya zo yana gaya mini ya san fura! Nono ake kwarara mata har ludayi ya tsaya da kansa. Da damina gero kan rufe mutum da jakinsa, da kaka kuma yara su yi ta toya gyaɗa a bakin gona har bakinsu ya yi baƙi ƙirin. Nasara na can Magarya da kumandansu, ba a ganinsu sai in suna son wani abu.

A garin nan Ɗela take aure, matar Mamuda. Mace ce doguwa mai ƙarancin magana, ga ta da kunya irin ta mutanen da. Kuma kunyar mutanen da ba irin ta yanzu ba ce, da za ka ga uwa ta rungume ɗan farinta a tsakiyar kasuwa tana kiran sunansa kamar mai talla. A lokacin mace ba ta faɗar sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta shiga maganarsa ko da cutarsa aka yi. In ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai, wata ta ɗauke shi. Uban ma haka. Shi ya sa da aka yaye Illo, ɗan farin Ɗela, aka miƙa shi ɗakin kakarsa Dada, uwar Mamuda, a cikin gida ɗaya. In dole ta kama Ɗela ta yi zancensa, sai ta ce "wancan" ko "yaron Dada".

Tun yana rarrafe aka ga Illo ba kamar sauran yara yake ba. Fuskarsa doguwa, kunnuwansa fatan-fatan, jikinsa laushi kamar ba ƙashi. Bai yi magana da wuri ba. Dada ta ba shi rubutu, ta yi masa hayaƙi, har ruwan da tsuntsaye suka sha suka rage ta ɗura masa wai bakinsa ya buɗe. Da bakin ya buɗe kuwa, sai ya zama abin da aka faɗa masa shi yake mayarwa. Ka ce, "Illo, ina kwana?" ya ce, "Illo, ina kwana?" da irin muryarka sak, yana kallon gefe. In ya ji daɗi sai ya yi ta kaɗa hannuwa kamar kaza za ta hau danga. In an yi guɗa ko kiɗa ya toshe kunne ya ruga bayan rumbu.

Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a zuba masa ido. Su kuwa mutanen garin, Allah ya jiƙansu, nan suka fi ƙarfi. Kowa ya gamu da shi sai ya kama haɓarsa ya ce, "Kai, dube ni in ina yi maka magana!" Yaro ya yi ta mutsu-mutsu, ya kai bayan hannunsa baki ya gartsa cizo. Wurin har ya yi kanta saboda cizo. Dada ma da take ji da shi kamar ranta, son nata na kallo ne da rungume-rungume, shi kuwa sai ya sulale ya gudu.

To ina yake gudu? Wurin uwarsa. Mutum ɗaya ke nan a duk Garin Jatau da ba ta taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, ba ta taɓa kiran sunansa ya firgita ba. Kullum in rana ta karkata Ɗela kan shimfiɗa tabarma gindin aduwar tsakar gida, ta ɗauko auduga da alli da mazari ta hau kaɗi. Sai ka ga Illo ya zo sululu ya zauna bayanta, ɗan gefe kaɗan, idonsa a kan mazarin da ke juyawa. Yana iya kaiwa magariba a haka, jikinsa na ɗan rangaji, bai ciji hannu ko sau ɗaya ba.

Ita kuma tunda ba dama ta yi masa magana, sai ta koma yi wa mazari.

"Mazari, akwai ɗumame a ƙaramar tukunya."

Sai Illo ya tashi ya je ya ci, ya dawo.

"Mazari, maruƙa na kuka, ba a ba su ruwa ba."

Ya tashi ya ɗauki guga. Matan gida su yi ta dariya, suna cewa mazarin Ɗela ya fi ƴaƴan wasu jin magana. Ita dai ko murmushi ba ta yi, amma a ranta babu lokacin da take so kamar wannan. Tana jin numfashinsa a bayanta, ta san ya ƙoshi, ta san ba wanda ya taɓa shi yau.

Bayan Illo ta haifi wasu ba su zauna ba, sannan ta sami Nafi. Nafi kuwa gari duka ya ɗauka. Yarinya ce da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi babba ba. Ba ta zuwa dandali in ana kiɗa, ba ta tsayawa surutu a rijiya. In baƙo ya yi sallama sai ta shige ɗaki ta yi ta jera ƙoren uwarta, babba bayan babba, ƙarami bayan ƙarami, in wani ya gusa ta rushe ta sake. Iyaye mata har gori suke yi wa ƴaƴansu da ita: "Ke ba ki ga Nafi ba? Kunya kamar amarya!" Da ta tasa, Mutari, yayan Mamuda wanda shi ne mai garin, ya ce ba za a kai wannan tarbiyya waje ba, ɗansa Ɗanjuma zai ba. Nafi ba ta ƙi ba. Ɗanjuma saurayi ne da in ya zo zance yake kallon yatsun ƙafarsa, wannan kuwa ya yi mata daidai.

Ɗela kan ji yabon ta ci gaba da kaɗinta. Ita ta goyi yarinyar, ta san abin da ta goya. Ta ga Nafi ba manya kaɗai take kau wa ido ba, ko jariri aka miƙa mata gefe take kallo. Ta ga yadda take murza bakin zanenta har ya huje in mutane sun yi yawa. Ta taɓa kama ta a bayan ɗaki ranar wani suna, ta toshe kunnuwa tana rangaji, irin na yayanta. Abu ɗaya ne a jikinsu, sai dai na macen ya zo da sauƙi, kuma ya faɗo daidai inda ake son mace ta sunkuyar da kai.

Ta kuma san inda abin ya fito, don ba a kan ƴaƴanta ta fara ganinsa ba. A garinsu, can wajen Mallawa, tana da wa mai suna Maina, ɗan farin uwarta. Fuskar nan ce, kunnuwan nan ne, cizon hannun nan ne. Tana ƴar yarinya aka zo neman masu ɗaukar kayan Nasara, dattawa suka duba suka ce a ba da Maina, tunda ƙarfi gare shi kuma ba ya gardama. Uwarsu na tsaye tana daka, ba ta ko ɗaga kai ba, aka tafi da shi. Waɗanda suka dawo sun ce tun a zangon farko aka daka masa tsawa, ya yar da kaya ya yanki daji da hannuwa a kunne. Ba a sake ganinsa ba. An daɗe ana yabon uwar, wai mace mai kunya, ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Ɗela ce ke kwana ɗaki ɗaya da ita, ita ta san irin kukan da tsohuwar ta yi ta yi har ta mutu.

Shekarar da Illo ya fara gemu, gero ya yi kyau irin wanda tsofaffi ke ba da labari. Ana shirin girbi sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, a kan doki daga Magarya, da jar hula da bulala. Ya sauka ƙofar gidan Mutari ya ce kumandan na gyaran hanyar mota, kowane babban gida ya ba da namiji ɗaya. Aikin dole ne, ba a tambayar ko kana so.

Gidan su Mamuda da Mutari gida ɗaya ake lissafa shi. Samari biyu ne a ciki, Ɗanjuma da Illo. Kada a ɗauka Mutari mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Mutum ne da girbi ya taso masa, ga biki a gaba, ya yi dubara irin wadda dattawan garuruwa da yawa suka yi kafin shi. Da yamma ya kira ƙanensa ya ce, "Ɗaukar ƙasa ce kawai a kwando. Yaron nan ƙarfi gare shi kamar sa. Wata biyu ne ko uku ya dawo." Mamuda ya sunkuyar da kai. Ɗan farinsa ne, kuma yayansa ke magana. Ya ce, "Yadda ka gani, Yaya."

Dada ce ya kamata ta tsaya wa jikanta, amma tsufa ya riga ya cinye ta, ba ta ko gane mutane sosai. Da labari ya iso tsakar gida Ɗela na kaɗi, Illo na bayanta. Zaren ya tsinke. Ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsagwaronsa. Ta san me ake yi a aikin hanya: usur, tsawa, bulala, ga ƙarar kamiyo, manyan motocin kaya, ga baƙin mutane kowa na cewa dube ni. Ko kwana ɗaya Illo ba zai yi ba zai shiga daji.

Da Mamuda ya shigo ta ce, ba ta dube shi ba, "Malam, yaron Dada ba zai iya ba."

Ya ce, "To ya zan yi? In buɗe baki a kan ɗan fari? A gaban Yaya?"

Da safe aka taru gindin tsamiyar ƙofar gidan mai gari. Gardi na zaune a kan turmi ana ba shi fura, samarin sauran gidaje na tsaye da ƴan ƙunshinsu. Aka kawo Illo, an rataya masa gora da buhun gari. Da ya ga taro sai ya fara rangaji. Gardi ya taso ya zagaya shi, ya ce, "Kai, yaya sunanka?"

Illo ya ce, "Kai, yaya sunanka?"

Wasu suka yi dariya. Gardi bai yi ba. Ya sa gindin bulala ya ɗaga haɓar yaron. Illo ya kai hannu baki ya ciza har jini ya fito.

Mata na leƙe ta kafar zana, Ɗela a cikinsu. Ita kanta ba ta san lokacin da ta fito ba. Sai gani aka yi mace ta ratso tsakiyar maza, ba ko mayafi, mazari na hannunta don ta manta ta ajiye. Matar ƙane a gaban yayan miji! Ta durƙusa, muryarta na rawa.

"Allah ya ba ka nasara, a yi mini aikin gafara. Ba zai iya ba."

Mutari ya kau da kai don kunya, ya ce, "Subhanallahi. Ɗela, koma cikin gida. Wa kike magana a kai?"

Ya yi tambayar ne don ya rufe mata baki, ya san ba za ta iya faɗa ba. Ta buɗe baki a kan sunan da ba ta taɓa furtawa ba ko a cikin ɗakinta. Sai ga shi ya fito da ƙarfin da ita ma ba ta yi zato ba.

"Illo. Illo ɗana ne. Ni na haife shi, kuma ba za a kai shi ba."

Wata tsohuwa a bayan zana ta ce, "La ilaha illallahu, duniya ta tashi!" Mamuda ya rufe fuska da hannun riga.

Mutari ya fusata, don an kunyata shi gaban baƙo. Ya ce, "Sangarta ce kawai, Dada ta lalata shi. Aikin ma gyara shi zai yi. In ba sangarta ba, ba ciki ɗaya suka fito da Nafi ba? Ku dubi yarinyar nan, duk garin nan akwai mai ladabinta?"

Nan ne Ɗela ta tsaya. Ta san abin da za ta faɗa, ta kuma san abin da zai ci. Nafi na nan bayan zana tana ji, uwar Ɗanjuma ma na ji. Amma jini na ɗiga daga hannun Illo a kan rairayi.

Ta ce, "Ba ladabi ba ne. Ba kunya ba ce ke hana Nafi duban mutane, ba ta iyawa ne, kamar yadda shi ba ya iyawa. Abu ɗaya ne. A jikinta kuka ce tarbiyya, a jikinsa kuka ce wauta. Daga gidanmu yake, a nonona suka sha. Yayana Maina haka yake, haka aka ba da shi, har yau ko ƙashinsa ba mu gani ba. Uwata ta yi kunya. Ni na fasa."

Gardi ya tsaya yana dube-dube, shi dai namiji ɗaya aka ce ya kawo, bai damu da ko wane ne ba. Can sai Mamuda ya miƙe. Bai dubi yayansa ba, bai dubi matarsa ba. Ya je ya zare gora da buhun gari daga kafaɗar Illo, a hankali, ta baya, ya rataya a tasa. Ya ce wa gardi, "Mu je. Ni ne na gidan nan."

Ɗela ta juya. Tunda ta riga ta zubar da kunyar, sai ta yi abin da ta shekara da shekaru tana marmari. Ta kama fuskar ɗanta da hannu biyu, ta dube shi ido cikin ido, tana kuka tana cewa, "Illo, Illo na." Wayyo, ba ta yi tunani ba. Yaron ya ƙwalla ƙara irin wadda bai taɓa yi ba, ya fizge ya ruga. Mutum ɗayan da bai taɓa tsoro ba, ita ce ta yi masa abin da kowa ke yi masa.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Maganar auren Nafi ta yi sanyi, daga nan ta mutu, ba wanda ya zo ya ce an fasa, ba wanda kuma ya sake tayar da ita. Matan da ke gori da Nafi suka koma nuna ta da baki. Ɗela ta kasa haɗa hanya da ƴarta don nauyin abin da ta yi mata. Sai wata rana suna tsinkar wake su biyu, Nafi ta ce, tana kallon ƙwarya, "Inna, ashe kin sani."

"Tun kina goye na sani."

"Na ɗauka ni kaɗai na sani," in ji Nafi. Ta yi hawaye kaɗan, na Ɗanjuma ne ko na wani abu, Allah masani, suka ci gaba da tsinkar wakensu.

Illo kuwa ya ƙaurace wa tsakar gida. Can garke yake wuni cikin maruƙa, in ya hango uwarsa ya canza hanya. Kullum rana ta karkata Ɗela ta shimfiɗa tabarma gindin aduwa ta yi ta kaɗi, bayanta wayam. Ta ce, "Mazari, akwai fura a ƙwarya," fura ta wuni ba a taɓa ba. Surutun gari bai dame ta ba ko kaɗan. Wannan ne ya dame ta, har ta rame. Ta ceci ɗanta, ta kuma kore shi da hannunta.

Aka yi girbi, ita da Nafi da taimakon maƙwabta, Mutari ma ya turo Ɗanjuma ya ɗaure musu dammuna. Bayan an cika rumbuna Mamuda ya dawo, kafaɗunsa duk sun saɓule, da tarin da bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Bai taɓa yi mata gori ba, ita ma ba ta taɓa yi masa godiya da baki ba. Haka mutanen suke.

Wata la'asar, sanyi ya fara shigowa, tana zaune tana kaɗi sai ta ji motsi a bayanta. Ta ji an zauna, ɗan gefe kaɗan. Ta ji numfashin. Wuyanta har ciwo yake don son ta waiwaya, amma ta daure, ta ƙura wa zare ido, ta shafa alli ta murza mazari. Ya juya, ya juya. Sun daɗe a haka.

Can sai ta ji muryarta, tata ta kanta, da rawar da muryar ta yi a gindin tsamiya da komai, tana fitowa daga bakin yaron a hankali.

"Illo ɗana ne. Ni na haife shi."

Ya ajiye maganar ne tun ranar, kamar yadda yake ajiye kowace magana. Ya sake faɗa, yana rangaji, yana kaɗa hannuwa. Hawaye suka jiƙa audugar da ke cinyarta, ba ta share ba, ba ta kuma juya ba.

Ɗela ba ta sake faɗar sunansa ba har ta koma ga Allah, ranar nan ɗaya ce kawai. Amma waɗanda suka tashi a Garin Jatau sun san wani tsoho mai manyan kunnuwa da ke bin maruƙa, furfura fal kansa, wanda in yamma ta yi yake zuwa gindin aduwar wani kango ya zauna shi kaɗai. In ka wuce ba ka dube shi ba, za ka ji yana magana da muryar mace, yana cewa Illo ɗansa ne, kuma ba za a kai shi ba.